Tawa Bangaskiyar Ce Ba Ta Kai Ba? Fashin Baƙi Kan Addu'a da Warkarwa

Wata Lahadi ce da yamma, daidai lokacin da ake barin 'yan dubiya su shiga ɗakin majinyata. Matan zumunta suka zo cikin zanensu iri ɗaya, da kwanukan abinci da kunu a flas. Suka kewaye gadon gwaggona, suka rera waƙa ƙasa-ƙasa don kada su dami na gadon kusa, shugabarsu ta yi addu'a. Da za su tafi, ɗaya daga cikinsu ta sunkuya ta dafa kafaɗarta ta ce, "Mama, ki ƙara bangaskiya, za ki tashi." Da zuciya ɗaya ta faɗa, wannan ba na ko tantama. Amma bayan fitarsu gwaggo ta daɗe tana kallon silin, sannan ta juyo da ɓangaren fuskarta mai motsi ta ce mini, "Ɗana, tawa bangaskiyar ce ba ta kai ba?"

Gwaggo ta yi kusan shekara 10 tana shan maganin hawan jini. Sai aka yi wani taron farkawa na kwana uku a wani fili a Sabon Gari, aka kira masu ciwo su fito gaba, aka ɗora mata hannu, aka ce ta warke. Aka kuma gargaɗi duk waɗanda suka fito cewa wanda ya koma gida ya ci gaba da haɗiyar ƙwaya, ya nuna bai yarda da abin da Allah ya yi masa ba. Gwaggo kuwa mace ce da ba ta wasa da maganar Allah. Tana dawowa ta zuba ƙwayoyin a masai. Wata huɗu tana jin ta garau, har ta tashi a majami'a ta ba da shaida. A wata na biyar aka tsince ta a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ga ciwo, ga kuma tuhumar da take yi wa kanta, kuma tuhumar ta fi ciwon hana ta barci.

Ba zan fara da musun ayoyin da mai wa'azin ya karanta ba, don suna nan. Matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta kutsa cikin taro ta taɓa rigar Yesu, ya juyo ya ce mata bangaskiyarta ce ta warkar da ita. Wannan yana cikin Markus sura 5. Haka ya ce wa Bartimawas makaho a hanyar Yariko. A Markus 11:24 ya ce abin da muka roƙa cikin addu'a, mu gaskata mun samu, zai zama namu. A garinsu Nazarat kuma, Markus ya rubuta cewa bai iya yin manyan ayyuka a can ba, har ya yi mamakin rashin bangaskiyarsu. Duk Kiristan da ya ce babu ruwan bangaskiya da warkarwa, bai karanta Bishara ba. Inda gizo ke saƙar shi ne: mece ce bangaskiyar, kuma wane aiki take yi?

Kalmar da kanta tana da abin koya mana, in mun saurare ta. Maƙwabtanmu Musulmi imani suke cewa, mu kuma Littafinmu na Hausa bangaskiya ya saba mana da ita. Ƙirarta ɗaya da ban ruwa, ban kwana, ban hannu, ban haƙuri. Ba a ban ruwa sai da shuka. Ba a ban kwana sai da wanda za a rabu da shi. To, ba a ban gaskiya sai da wanda za a ba gaskiyar. Wato kalmar tana nuna wani ne da yatsa, ba ta nuna ƙirjin mai ita. Wanda ya ba da gaskiya ga Allah yana cewa ne: Kai ne mai gaskiya, na miƙa maka kaina. Amma yadda ake wa'azinta yau a wurare da yawa, ta zama kamar hatsi da ake awo da tiya: in naka ya cika buhu a ba ka lafiya, in ya gaza ka koma ka ƙaro. Da zarar an mai da ita abin awo, idon majinyaci ya bar kan Allah ya koma kan kansa. Sai ya kwana yana bincikar zuciyarsa, ko akwai ɗan kokwanton da ya maƙale a wani lungu, kuma wanda ya nemi kokwanto a zuciyarsa da tsakar dare, ga zazzaɓi, ba zai rasa ba.

Abin da matar zumuntar nan ta ce wa gwaggo, manzanni sun taɓa roƙon Yesu shi baki da baki. A Luka 17:5 suka ce ya ƙara musu bangaskiya. Bai ba su hanyar ƙara ta ba. Sai ya ce da suna da ita ko kamar ƙwayar mustad, da ta isa. Ƙwayar mustad ba ta wuce ta gero ba. Ya ɗauke maganar daga yawa gaba ɗaya. Ku dubi yaron da ke goye a bayan uwarsa tana ratsa kasuwar Tudun Wada: wani lokaci ya ƙanƙame ta, wani lokaci barci ya kwashe shi hannuwansa su saki. Ba ƙarfin riƙonsa ke hana shi faɗuwa ba, majanyin da ta ɗaure shi da shi ne.

Sannan in mutum ya zauna ya bi labaran warkarwa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Bangaskiyar wa?", zai ga ba su bin layi ɗaya. Shanyayyen da aka fasa rufin ɗaki aka zuro shi a Kafarnahum, Markus ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, har da mutum huɗun da suka ɗauko shi. Shi majinyacin ko kalma ɗaya ba a rubuta ya furta ba. Bawan jarumin Roma ko wurin bai zo ba, ubangidansa ne ya roƙa. Mutumin da ya yi shekara 38 yana kwance a bakin tafkin Betasda, bayan ya warke aka tambaye shi wa ya warkar da shi, bai ma san sunansa ba. Li'azaru yana kabari kwana huɗu, babu wata bangaskiya da gawa za ta nuna, 'yar'uwarsa Marta kuma cewa ta yi ai yanzu ya yi wari. Kutare 10 suka tsarkaka, amma ɗaya tak da ya dawo godiya, Basamariye, shi ne ya ji an ce masa bangaskiyarsa ta warkar da shi. Sauran tara ma ai sun warke. Wannan ya nuna abin da aka ba na goman ya wuce lafiyar fata. Kalmar Helenancin da aka yi amfani da ita a wurin tana ɗauke da ma'anar ceto da ta warkarwa gaba ɗaya, shi ya sa Yesu ya faɗa wa mace mai zunubi a Luka 7:50 wannan magana ɗin, alhali ita ba ciwo ya kawo ta ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne uban yaron nan mai faɗuwa a Markus sura 9. Mu nan da mun gan shi farfaɗiya za mu ce: yana faɗuwa, yana kumfa, yana cizon haƙora, wani lokaci ya faɗa wuta, wani lokaci ruwa. Uban ya kai shi wurin almajirai, sun kasa. Ya gaji. Da ya zo gaban Yesu ma cewa ya yi, in kana iya yin wani abu, ka ji tausayinmu. Da aka ce masa kome mai yiwuwa ne ga mai ba da gaskiya, sai ya ɗaga murya ya ce ya ba da gaskiya, a taimake shi a kan rashin bangaskiyarsa. A numfashi ɗaya ya faɗi biyun. Da a wasu tarurrukanmu ne, da an ce ya janye rabin maganar, don wai baki shi ke yanka wuya. Yesu bai ce ya je ya gyara kalamansa ya dawo ba. Ya warkar masa da ɗa. Almajiran da suka kasa kuma, da suka tambaye shi dalili a keɓe, kansu ya dawo da maganar, bai ɗora wa yaron ko ubansa ba. Masu ɗora wa mutane hannu su riƙe wannan da kyau.

Maganar Nazarat fa? Mutanen garin ba majinyata ne masu rawar zuciya ba. Mutane ne da suka dube shi suka ce, ashe ba masassaƙin nan ba ne, ɗan Maryamu? Raini ne da ƙi. Wanda ya raina likita ba ya kai masa ɗansa. Duk da haka ayar ta ce ya ɗora wa marasa lafiya kaɗan hannu ya warkar da su. Zalunci ne a ɗauki hukuncin masu raini a jibga wa tsohuwar da ta yi shekara 50 tana tashi da asuba tana durƙusawa.

Yanzu sai waɗanda ba su warke ba, don su ma suna cikin Littafin, ko da yake ba a cika karanta su a taron farkawa ba. Manzo Bulus, wanda ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya a Afisa, shi ne ya rubuta a 2 Korintiyawa sura 12 cewa an sa masa ƙaya a jiki, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Timoti yana fama da ciwon ciki da yawan laulayi, Bulus bai ce masa ya ƙara bangaskiya ba, shawarar abin da zai riƙa sha ya ba shi. Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, da ya tashi Bulus ya kira abin jinƙan Allah, bai kira shi hakkin da aka karɓo ba. Annabi Elisha, wanda ta hannunsa Na'aman ya rabu da kuturta, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu. Wa zai tsaya ya ce waɗannan tiyarsu ce ba ta cika ba?

Sama da su duka akwai Getsamani. Markus ɗin da ya rubuta 11:24, shi ne bayan sura uku ya rubuta Yesu ya faɗi ƙasa yana cewa, Abba, kome mai yiwuwa ne a gare ka, ka ɗauke mini ƙoƙon nan, amma ba nufina ba, sai naka. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Na sha jin masu wa'azi suna cewa duk wanda ya sa "in nufinka ne" cikin addu'ar neman lafiya ya buɗe wa shakka ƙofa. To kuturun Markus 1:40 haka ya ce: in ka yarda, kana da iko ka tsarkake ni. Ya kuwa tsarkaka. Mu Hausawa, Kirista da Musulmi, ba ma alkawarin zuwa gobe ba tare da "in Allah ya yarda" ba. Ba rauni ba ne, sanin wanda ke da mulki ne. Abokan Daniyel uku a bakin tanderu sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Wannan "ko bai yi ba" ɗin ita ce bangaskiyar da ta kai ƙarshen girma.

To daga ina koyarwar zubar da magani ta shigo mana? Ba jiya ta fara ba. Annobar murar 1918 ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar nan, asibitin Bature bai iya tsayar da ita ba. A ƙasar Yarabawa ƙungiyoyin addu'a suka taso, waɗanda daga baya aka san su da Aladura. Wasunsu suka ƙulla zumunci da wata ikilisiya ta Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle, wadda ke koyar da cewa mai bi ba ya shan magani kowane iri. A 1930 farkawar Joseph Ayo Babalola ta ɓarke a Ilesha, jama'a suka yi ta tururuwa neman warkarwa. Wajen 1940 suka rabu da Turawan mishan na Apostolic da suka zo daga Ingila, kuma babban abin da ya raba su shi ne Turawan suna shan kwinin don zazzaɓin cizon sauro. Daga wannan rabuwa Christ Apostolic Church ta fito. Daga baya wani reshe dabam ya zo ta littattafai da kaset-kaset na masu wa'azin Amurka irin su Kenneth Hagin, wanda ke koyar da cewa lafiya hakki ce da aka riga aka biya a kan gicciye, abin da ya rage kawai mai bi ya furta ya karɓa. Suna kafa hujja da Ishaya 53:5, cewa da raunukansa muka warke. Amma Bitrus da ya ɗauko ayar a wasiƙarsa ta fari, kan zunubi ya ɗora ta, Matiyu kuma ya ɗauko ayar da ke kafin ta, Ishaya 53:4, ya ce ta cika lokacin da Yesu ke warkar da mutane a Galili. Babu inda aka mai da ita takardar shaidar cewa mai bi ba zai yi ciwo ba kafin tashin matattu. Bulus ma cewa ya yi muna nishi muna jiran fansar jikinmu.

Ba na so in raina waɗanda ke cika filayen nan, don na san abin da ke kai su. Mutum ya tashi da asuba ya tafi asibiti, ya bi layin kati, a rubuta masa gwaje-gwajen da kuɗinsu ya fi abin da yake samu a wata, ko ya tarar ana yajin aiki. Matar Markus 5 ma an ce ta sha wahala a hannun likitoci da yawa, ta kashe duk abin da take da shi, ciwon sai gaba yake yi. Wanda ya sayar da akuya da gona bai ga sauƙi ba, in aka ce masa ga inda za a warkar da shi yau-yau, ba wauta ce ta kai shi ba, ƙarshen ƙarfinsa ne. A filin kuma ana kiran sa ɗan'uwa, ana taɓa shi, ana kuka tare da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba a kira shi da lambar kati.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tun kafin bishara ta zo, Bahaushe yana da tambayar da yake yi in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: wa ya yi mini? Jifa ne, ko sammu, ko iska? Yana kuma da wurin zuwa, inda za a ba shi laya da turare, a gindaya masa sharuɗɗa, in aiki bai ci ba a ce shi ya karya sharaɗi. Idan yau ana sayar da kwalbar mai da ruwa da hankici, ana cewa girman baikonka shi ne girman warkarwarka, in kuma ba ka warke ba laifinka ne, to kujerar boka ce aka share aka ɗora Littafi Mai Tsarki a kai. Na'aman ya zo da azurfa da zinariya, Elisha ya ƙi karɓar ko anini. Baransa Gehazi da ya bi shi a baya ya karɓa, kuturtar ce ta koma kansa. Tambayar wa ya yi laifi kuma, almajirai sun yi ta a kan mutumin da aka haifa makaho, shi ne ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba.

Mu mutanen Zariya ba mu da uzurin ruɗewa a wannan batu, don tarihinmu yana tsaye a gefen hanya muna wuce shi kullum. Wanda ya kafa aikin mishan a cikin birnin Zazzau a 1905, Walter Miller, likita ne. Shi ne kuma ya yi jagorancin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932. Hannun da ya ba mu ayar matar mai zubar jini a harshenmu, shi ne hannun da ke wanke gyambo. Da mishan ta koma Wusasa wajen 1929, aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa, aka kuma kafa asibiti mai sunan Luka, wanda Bulus ya kira ƙaunataccen likita. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Kakanninmu ba su ga ƙofar majami'a da ƙofar asibiti a matsayin kishiyoyi ba.

Akwai kuma Gimi, wadda ya kamata kowane yaron Wusasa ya san labarinta. Isawa, mabiyan wani malami Ibrahim da aka kashe a Kano saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa, sun yi shekaru a warwatse suna riƙe da abin da ya koya musu. A 1913 wasu daga cikinsu suka nemo Miller a Zariya. Aka tattara su, suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, suka yi gonaki, suka fara makaranta. Mutane ne da suka bar wuraren zamansu saboda abin da suka gaskata. Sai ciwon barci ya faɗa musu, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi ta ɗibar su har ƙauyen ya watse. Ina so duk mai cewa ciwo alamar ƙarancin bangaskiya ne ya tsaya a gaban waɗannan kaburbura ya maimaita. Sun yi addu'a, sun binne 'ya'yansu, waɗanda suka rage kuma ba su bar Almasihu ba. Daga zuriyarsu aka sami malamai da limamai da likitoci. Abin da ya karya lagon ciwon barci a Arewa daga baya shi ne binciken jama'a gari-gari, da magani, da sare kurmin bakin rafi inda ƙudan ke zama. Ni a wurina wannan ma amsar addu'ar mutanen Gimi ce, ko da yake ba su suka ci moriyarta ba.

Masu ƙin magani sukan jawo labarin sarki Asa, wanda ya yi ciwon ƙafa ya nemi masu magani. Ayar cewa ta yi bai nemi Ubangiji ba. Laifinsa barin Allah ne. A gefe guda ga Hezekiya: Allah ya ji kukansa ya ƙara masa shekara 15, annabi Ishaya kuma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Alkawari da ɓaure suka tafi tare. Shi ma Iblis da ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali tunda an rubuta mala'iku za su tare shi, aya ya karanta. Amsar da ya samu ita ce kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Zubar da ƙwayar hawan jini don a tabbatar wa Allah an yarda da shi, ya fi kama da dirowa daga kan Haikali.

Nan kuma dole mu san jikin da Allah ya ba mu. Hawan jini yakan yi shekaru ba ya nuna alama, shi ya sa gwaggo ta yi wata huɗu tana jin daɗi yayin da jijiyoyinta ke shan wuya. Mai tarin fuka yakan ji sauƙi bayan 'yan makonni da fara magani, amma sai ya cika wata shida, in ya yanke ciwon ya dawo, wani lokaci ya dawo ba ya jin maganin. Mai ƙanjamau da ke shan maganinsa kullum, ƙwayar cutar takan ragu har gwajin auna yawanta ya kasa ganin ta, ba don ta fita ba. Ya daina, ta taso. A cikin taro, ga kiɗa ga waƙa ga mutum dubu suna amin, zafin gwiwa yakan lafa da gaske na ɗan lokaci, don jiki yana da hanyoyin danne zafi. Jin sauƙi daban, warkewa daban. Yesu da kansa ya tura kutare su nuna kansu ga firistoci, waɗanda a shari'ar Musa su ne masu duba fata su tabbatar. Warkarwar gaske ba ta tsoron gwaji. 'Yan'uwanmu Katolika sun riƙe wannan: a Lurdes ta ƙasar Faransa, inda majinyata ke zuwa tun 1858, akwai ofishin likitoci da ke bincikar duk wanda ya ce ya warke. Daga cikin mutum fiye da 7,000 da suka kai rahoto, 70 da 'yan kai ne kawai ikilisiya ta amince da su a matsayin mu'ujiza.

An ma taɓa ƙoƙarin auna addu'a da ma'aunin kimiyya. A 2006 aka fitar da sakamakon wani bincike da Herbert Benson ya jagoranta a Amurka, kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya. Tsakanin waɗanda baƙi suka yi wa addu'a daga nesa da waɗanda ba a yi musu ba, ba a ga bambanci ba: kashi 52 da kashi 51 cikin 100 suka sami matsala bayan aikin. Waɗanda aka tabbatar musu ana yi musu addu'a kuwa, kashi 59 ne. Wannan bai girgiza ni ba, don Allah ba sinadari ba ne da za a ɗiga a kwalba a ga launi ya canja. Amma ya kamata ya girgiza mai cewa addu'a inji ce, ka danna ta fito.

Na gaskata Allah yana warkarwa, har yau, wani lokaci ta hanyar da likita zai tsaya yana jinjina kai. Shi ya sa ba na son a bar addu'a domin marasa lafiya a hannun masu lasifika kaɗai. Yaƙub 5:14 ya faɗi yadda za a yi, kuma tsarin ya bambanta da abin da muka saba gani. Mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya, su ne za su taso su zo inda yake kwance. Su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Addu'ar bangaskiyar da aya ta gaba ta ambata, daga bakin dattawan take fitowa. Ba a ce a fara auna ta majinyacin ba. Babu dandamali, babu kuɗi, babu sunan mutum ɗaya a jikin allo. Ikilisiya ce ke ɗaukar wanda ya kasa ɗaukar kansa, kamar mutum huɗun Kafarnahum. A Zariyar yau, kama kusurwar tabarmar nan yana nufin a yi addu'a, a kuma haɗa kuɗin gwaji, a sami mai mashin da zai kai tsohuwa asibiti ranar ganin likita, a sami wanda zai tambaye ta ko ta sha na safe. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne Allah ya yi fushi da su.

Bayan an sallamo gwaggo, wani dattijon majami'armu ya zo gida da tsohon Littafinsa da bangon ya sha ɗinki. Ya zauna a kujera 'yar tsugunno kusa da katifarta, ya karanta mata labarin uban yaron nan a hankali. Da ya kai inda mutumin ya ce a taimake shi a kan rashin bangaskiyarsa, gwaggo ta ɗaga hannun dama ta ce, "Baba, tsaya. Sake karanta wurin." Ya sake. Ta ce, "Kuma aka warkar masa da yaron?" Ya ce, "Aka warkar, Mama." Ta yi shiru, hawaye na bin gefen kunnenta. Ya shafa mata mai a goshi, muka yi addu'a, kafin ya tashi ya ce a kawo ledar magungunan ya ga yadda aka rubuta a sha su.

Yanzu tana takawa da sanda har bakin zaure. Maganarta ta dawo, sai dai takan ja wasu kalmomi. Hannun hagun bai buɗe ba tukuna. Duk ranar Laraba matan zumunta suna zuwa, su murza mata yatsun da man kaɗanya kamar yadda mai gashin ƙashi ya nuna musu, suna murzawa suna roƙon Allah ya buɗe shi.